Yadda Na'urar Akawu Ta Lissafa Tafiyar Wata

Da Edita ya aiko mini cewa bana lallai sai na rubuta wani abu a wannan mujalla tamu, sai na ce to, dama akwai bashi a kaina, bari in biya.

Bashin na wata tambaya ce da na yi muna aji huɗu. Kowa a cikinmu zai tuna da littafin nan na fo-figa, wanda ba a shiga darasin lissafi sai da shi. Shafi bayan shafi ba komai sai lambobi, mu dai namu mu duba mu kwafa. Wata rana na ɗaga hannu na ce, "Malam, wa ya lissafa waɗannan lambobin? In kuma ya yi kuskure, wa zai sani?" Aji ya kwashe da dariya, don an ɗauka neman cinye lokaci nake yi. Shi kuwa Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Mutane ne irinka, sai dai sun fi ka haƙuri. In ka girma ka nemo labarinsu ka zo ka ba mu." Malam ya rasu ban kai masa amsa ba. To, ga ta na kawo wa 'yan ajin.

Abin da ya hana ni mantawa da tambayar shi ne aikin da na yi na safiyo. In muka shiga daji inda babu wata alama da za mu ɗora awo a kanta, sai mu saita tiyodolait mu auna rana ko wani tauraro, mu duba agogo, sannan mu buɗe wani ɗan ƙaramin kundi da ake bugowa daga Ingila kowace shekara domin masu awon ƙasa. Shi zai gaya mana inda tauraron yake a wannan lokaci, daga nan mu fitar da arewa ta gaskiya. Da a ce lamba ɗaya ta karkace a cikin kundin, da iyaka ta karkace, da gonar wani ta shiga ta wani. Ofishin da ke buga kundin nan shi ne ofishin Nautical Almanac, kuma a nan ne labarin da zan bayar ya faru.

Me ya sa ake bin diddigin wata?

An fara buga Nautical Almanac ne domin shekarar 1767, a ƙarƙashin Nevil Maskelyne, babban masanin taurari na Greenwich. Matuƙan jiragen ruwa aka yi wa shi. Matuƙi a tsakiyar teku yana iya sanin nisansa daga arewa ko kudu ta hanyar auna tsayin rana. Amma sanin nisansa gabas ko yamma sai ya san ƙarfe nawa ne a Greenwich a daidai wannan lokaci, ga shi kuwa agogo mai jure tafiyar teku yana da tsada ƙwarai a zamanin. Sai aka mai da wata ya zama agogo. Wata yana ratsa taurari da kimanin digiri 13 a kowace rana, wato kusan faɗin kansa a kowace awa. In matuƙi ya auna tazarar da ke tsakanin wata da wani sanannen tauraro, ya duba kundi ya ga ƙarfe nawa aka ce za a sami wannan tazara, to ya san lokacin Greenwich. Amma kuskuren minti ɗaya na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, yana iya kauce da jirgi kimanin mil 30. Mil 30 kuwa cikin dare a kusa da duwatsun gaɓa, magana ce ta rayuka.

Masu yin wannan lissafi mutane ne da alƙalami da takarda, kuma su ake kira kwamfuta tun kafin a ƙera na'urar da ta gaji sunan. Maskelyne yakan aika musu aiki gidajensu ta gidan waya. Ɗaya ya lissafa inda wata zai kasance da tsakar rana, wani a wani garin ya lissafa na tsakar dare, sannan mutum na uku ya haɗa ya duba ko sun dace. A cikinsu har da mace, Mary Edwards ta garin Ludlow, wadda ta yi shekaru da dama tana ciyar da iyalinta da wannan aiki. Da agogo ya yi araha, an daina buga tazarar wata da taurari a farkon ƙarni na 20. Amma buƙatar sanin matsayin wata ba ta ƙare ba, domin da shi ake sanin cikar teku da janyewarta, da lokacin kusufi, kuma matuƙa sun ci gaba da auna tsayinsa.

Wahalar ita ce wata ba ya tafiya a kan turba ɗaya. Ƙasa tana jansa, rana tana jansa, sauran duniyoyi ma suna ɗan taɓa shi. Wani lokaci ya matso kusa zuwa kimanin kilomita 363,000, wani lokaci ya yi nisa zuwa kimanin 405,000. Ita kanta turbar tana juyawa: wurin da yake fi kusantowa yana zagayowa cikin shekara kusan 9, wuraren da yake ƙetare hanyar rana kuma suna zagayowa cikin shekara 18.6. An ruwaito cewa Isaac Newton da kansa ya ce babu lissafin da ya sa shi ciwon kai kamar na wata.

Shekara talatin na Brown

Wanda ya fi kowa shawo kan matsalar a zamaninsa shi ne Ernest William Brown. An haife shi a Hull ta Ingila a 1866, ya koma Amurka, daga 1907 kuma ya zama farfesa a Jami'ar Yale. Ya ɗora aikinsa a kan hanyar da George William Hill ya buɗe, ya warware tafiyar wata zuwa ƙananan motsi fiye da 1,400. Kowane motsi yana hawa yana sauka, ya koma inda ya faro bayan nasa adadin kwanakin. Ku ɗauka kamar masu adashe ne da yawa, wannan yana zubi duk kwana 14, wancan duk kwana 27, wani sai bayan shekara 18. In kana so ka san abin da ke cikin asusu a wata rana, sai ka bi kowa ka ga inda ya kwana, sannan ka tara. Haka matsayin wata yake: tara waɗannan motsi ne gaba ɗaya.

Da yake babu mai iya tara abu 1,400 da hannu sau biyu a kowace rana, sai Brown, tare da mataimakinsa Henry Hedrick, ya dunƙule su cikin jadawalai 180. An buga su a 1919 cikin mujalladi uku, bayan ya shafe kusan shekara 30 a kan wata. Daga 1923 aka fara amfani da su a kundayen taurari. Duk da wannan sauƙi da aka samu, fitar da matsayin wata na shekara guda yakan cinye aikin ƙwararrun ma'aikata biyu na tsawon shekarar. Wato suna gama na bana, na baɗi yana jiransu, kuma aikin ba komai ba ne illa duba jadawali, kwafa, tarawa.

Katin ƙidaya

A can wani ɓangaren kuma, akwai wata na'ura da ba ta da alaƙa da taurari ko kaɗan. Ƙidayar jama'ar Amurka ta 1880 ta ɗauki shekaru da yawa kafin a gama harhaɗa ta. Wani matashin injiniya, Herman Hollerith, ya lura da yadda kwandastan jirgin ƙasa ke huda tikiti, irin dai yadda ake huda namu in za mu tafi hutu. Sai ya ƙirƙiro kati wanda wurin da aka huda shi yake nuna bayani: namiji ko mace, shekaru, sana'a. In kati ya shiga na'ura, duk inda aka huda sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe, lantarki ya wuce, ma'ƙirgi ya ƙara ɗaya. Da wannan aka harhaɗa ƙidayar 1890, ta mutum kusan miliyan 63. Kamfaninsa ya haɗe da wasu a 1911, a 1924 kuma haɗakar ta ɗauki sunan IBM.

Na'urorin iri uku ne: mai huda kati, mai tantance katuna ta jera su bisa lamba, da mai tarawa ta buga jimilla. Kamfanonin jirgin ƙasa da na inshora su ne manyan masu hayarsu, don lissafin albashi da kuɗin kaya. A idon masana kuwa, kayan aikin akawu ne kawai.

Comrie ya ga abin da ba a gani ba

Leslie John Comrie ɗan ƙasar Niyu Zilan ne, an haife shi a 1893. Ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rasa ƙafa ɗaya. Bayan yaƙi ya yi digirinsa na uku a fannin taurari a Jami'ar Cambridge, a 1925 kuma ya kama aiki a ofishin Nautical Almanac. Ra'ayinsa shi ne, maimakon a jira a ƙera wa masana na'ura ta musamman mai tsada, gara a duba waɗanda 'yan kasuwa ke amfani da su a ga abin da za su iya.

Da ya dubi jadawalan Brown sai ya lura da abu biyu. Na farko, mafi nauyin aikin tarawa ce, ita kuwa na'urar Hollerith abin da ta iya ke nan. Na biyu, kuma shi ne babba, tunda kowane motsi yana komawa inda ya faro, lambobin jadawali ba sa canzawa, haɗuwarsu ce kawai ke canzawa daga rana zuwa rana. Ke nan in aka huda su a kati sau ɗaya, aka tabbatar babu kuskure, ba za a sake kwafa su da hannu ba har abada. Sai dai a sake jera katunan, a zuba wa na'ura ta tara. Galibin kuskuren ɗan Adam kuwa wajen kwafa yake faruwa.

A 1928 aka yi aikin, da na'urorin da aka yi haya daga kamfanin British Tabulating Machine. An huda katuna kimanin rabin miliyan, ɗauke da huji kimanin miliyan 20. Hudawar kaɗai ta ɗauki watanni. Amma da aka gama ta, ƙarin shekaru bai zama wani abin wahala ba, don haka Comrie ya bar na'ura ta yi ta tarawa har ta gama kason wata na shekarun 1935 zuwa 2000. Ku duba fa: aikin da mutum biyu ke yi wa shekara guda, an yi mafi nauyinsa na shekara 65 cikin watanni. Brown da kansa ya ziyarci ofishin a wannan shekara. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tara irin waɗannan lambobi da hannu, ya tsaya yana kallon ƙarfe yana haɗiye su. Comrie ya ba da labarin irin murnar da dattijon ya yi. A 1932 ya buga bayanin yadda aka yi aikin a mujallar ƙungiyar masana taurari ta Ingila.

Comrie ya zama shugaban ofishin a 1930. A 1936 ya sami saɓani da hukumar sojan ruwa da ke kula da ofishin, a kan ayyukan waje da yake karɓa, ya bar aiki. Sai ya buɗe kamfaninsa a Landan mai suna Scientific Computing Service, wanda sana'arsa ita ce yi wa masana da hukumomi lissafi a biya shi. Ya horar da mata da yawa a wannan sana'a. Ya rasu a 1950.

Ɗalibin Brown

A Amurka kuwa, wanda ya ɗauki tutar ɗalibin Brown ne, Wallace Eckert, wanda aka haifa a 1902. Yana koyarwa a Jami'ar Columbia ta New York, inda shugaban IBM, Thomas Watson, ya ba da kyautar na'urori tun 1929 domin lissafin sakamakon jarrabawa. Eckert ya nemi nasa kason, ya kafa su a saman benen sashen kimiyya. Zuwa lokacin an sami kati mai layi 80, wanda IBM ta fitar a 1928, an kuma sami na'ura mai ninka lamba da lamba. A 1934 ya haɗa mai ninkawa da mai tarawa da mai hudawa da waya, ya sa musu wani akwatin makunnai da ke umartarsu su yi wannan mataki, sannan wancan, ba tare da mutum ya sa hannu a tsakani ba. Wanda duk ya san kwamfuta zai ga cewa an fara jin ƙanshinta a nan.

A 1937 wurin ya zama cibiyar lissafin taurari mai ɗauke da sunan Watson, a 1940 kuma Eckert ya buga littafi a kan amfani da kati mai huji wajen lissafin kimiyya, wanda masana na wasu fannoni suka koyi aikin daga cikinsa. Brown ya rasu a 1938, amma kafin nan ya sa ɗalibin nasa ya fara bin lissafinsa da na'ura don a ga ko akwai kuskure. Abin da aka tarar shi ne aikin hannun dattijon ya tsaya da ƙafarsa, gyare-gyaren da aka samu ƙanana ne.

A 1940 aka naɗa Eckert shugaban ofishin kundin taurari na Amurka a Washington. Yaƙi ya matso, matuƙan jiragen sama suna buƙatar nasu kundin, kuma kuskure a cikinsa yana nufin jirgi ya ɓace a kan teku man fetur ya ƙare. Hanyar da ya bi wajen tace shafuka ita ce ta fi burge ni. Maimakon mutum ya zauna yana karanta dubban lambobi har idonsa ya gaji, sai a sake huda sababbin katuna daga shafin da aka buga, a sa na'ura ta gwada su da na asali. Duk inda suka saɓa sai ta nuna. Wato dabarar Maskelyne ce ta mai lissafi da mai dubawa, aka mayar da ita ga ƙarfe.

Bayan yaƙi ya koma Columbia. A Janairun 1948 IBM ta buɗe wata ƙatuwar na'ura mai suna SSEC a hedikwatarta da ke New York, mai ƙwayayen lantarki kimanin 12,500, masu wucewa a titi suna leƙenta ta gilashi. Aikinta na farko shi ne wata. A wannan karon an ajiye jadawalai 180 a gefe, aka koma ga ainihin lissafin Brown, aka tara motsin ɗaya bayan ɗaya, abin da shi kansa bai taɓa samun ikon yi ba. An buga sakamakon a 1954. Da na'urar kuma Eckert da Dirk Brouwer da Gerald Clemence suka fitar da matsayin duniyoyi biyar na nesa, daga Mushtari zuwa Pluto, kowane kwana 40, tun daga 1653 har zuwa 2060, aka buga a 1951. Lissafin wata na Eckert yana cikin abin da aka dogara da shi a shirin Apollo, wanda ya sauke mutum a kan wata a 1969. Eckert ya rasu a 1971. Yau akwai ramuka uku a kan wata masu ɗauke da sunayen Brown da Comrie da Eckert.

Akwai wani abin mamaki da wannan tsantseni ya tono. Duk yadda aka gyara lissafi, sai a ga wata ya ɗan riga lokacinsa ko ya ɗan makara. A 1926 Brown ya kawo hujjar cewa laifin ba na wata ba ne, juyawar ƙasa ce ba ta tafiya daidai, ita kuwa da ita muke auna lokaci. A 1939 Harold Spencer Jones ya tabbatar da haka. Ashe mai awon ne ke rawa. Da lissafin na dagaji-dagaji ne, da ba a taɓa ganowa ba.

Katunan Comrie ba su kai 2000 ana amfani da su ba. Daga 1960 kundayen suka koma ga gyararren lissafin Eckert, daga 1984 kuma suka koma ga wanda manyan kwamfutocin cibiyar JPL ta Amurka ke fitarwa. Haka ilmi yake, kowa ya ɗora tubalinsa ya wuce.

Nawa rabon

Ni ma na taɓa katin nan da hannuna. A jami'a, cikin shekarun 1970, mukan rubuta umarninmu a takarda mu miƙa wa matan da ke ɗakin hudawa, kowane layi kati ɗaya. Sai ka kai damin katunanka ta taga, ka dawo gobe. In ka manta waƙafi ɗaya, an tashi a tutar babu, sai kuma jibi. Wata rana robar da na ɗaure nawa ta tsinke ina kan keke, katuna sama da 300 suka watse a titi. Kwana na yi ina jera su. Tun daga ranar na koyi ja musu layi a karkace da biro a gefen damin, don in sun watse in gane jerinsu. A daren nan na tuna da masu huda rabin miliyan, waɗanda ba mu ma san sunayensu ba.

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da aka yi kusufin rana, wasunku suna Gusau ko Katsina, inda gari ya yi duhu da hantsi. Tun kafin ranar an faɗi awa, an faɗi minti, kuma haka ya faru. Jama'a suna ta yaba wa kwamfuta. Ni kuwa Brown na tuna da shekarunsa 30, da Comrie, da mai lissafin tsakar rana da mai lissafin tsakar dare.

Ga amsar tambayata ke nan, Malam. Mutane ne suka lissafa. Kuskure kuma ana gane shi ne domin ba su taɓa yarda da amsa ba sai an fitar da ita ta hanya biyu. Na'urar da ta zo ta taimake su tarawa kawai ta iya, wanda ya san abin da za a tara da yadda za a duba shi ne ya sa ta yi amfani.

Da na ziyarci makarantarmu kwanakin baya, na tarar babu mai riƙe da fo-figa, kowa da kalkuleta. Ban ga laifin haka ba, Comrie ma da ya gani da ya yi murna. Abin da ya dame ni shi ne, na ba wani yaro 48 sau 25, yatsansa ya zame, na'ura ta ba shi 120, ya rubuta ya miƙo mini hankali kwance. Bai tsaya ya ce 50 sau 25 ai ya haura dubu ba. Yaron nan gobe shi ne zai auna magani, ko ya lissafa ƙarfen gada, ko ya shata iyakar gona. Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara, cikin kyaututtukan da muke bayarwa ranar rabon kyaututtuka, a ware guda domin lissafi, a sa mata sunan marigayi Malaminmu, a kuma riƙa ba ɗalibin da ya fi nuna yadda ya bi ya duba amsarsa. Ni na ɗauki nauyin shekara uku na farko. 'Yan ajin 1972 da suka yi mini dariya, sauran shekarun na kanku.

Sai mun haɗu a taron shekara.